Zan iya rataye sifika da igiya, in kuma haɗa uku a layi ɗaya?

SabonShiga:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar sauti ku taimaka min. Akwai taro da za mu yi a wani babban ɗakin taro, ina da sifiku shida kowacce om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wutar amfilifaya), sai amfilifaya ɗaya mai layi biyu, a bayanta an rubuta 4 om. Niyyata in haɗa uku-uku. Sannan wurin ba fili sosai, shi ne na ce bari in ɗaure biyu da igiya ta hannun ɗaukarsu in rataye a ƙarfen rufi, kowacce za ta kai kilo 25. Kuma akwai wata ƙara buuu da take fitowa ko ba a magana, wani ya ce in karya ƙafar atin ta fulogi za ta daina. Haka ne?

OgaSauti:
Wa alaikumus salam. Malam maganar igiyar nan ka binne ta tun yanzu. Hannun sifika an yi shi ne don mutum ya ɗauka ya ajiye, ƴan kusoshi ne kawai suka riƙe shi a jikin katako ko roba, ga bes yana jijjiga akwatin awa da awanni, a hankali za su yi ta sassautawa kai kana can wajen miksa ba ka sani ba, kilo 25 kuma in ya sulmiyo daga sama a kan mutum ai sai dai wani labarin. Sifikar da aka ƙera don ratayewa za ka ga tana da ramukan noti a jikinta, yawanci M10, nan ake ɗaura noti mai zobe a sa wayar ƙarfe da aka rubuta nauyin da take iya ɗauka, sannan a ƙara wata wayar ta biyu a kama wani wurin daban ko da ta farko ta saki. Shi kansa ƙarfen rufin sai wanda ya san gini ya duba.

Tunda taka ba irinta ba ce, nemi standi. Ka buɗe ƙafafun nan uku sosai, ka zura fil ɗin ƙarfen a raminsa kada ka dogara da matsewa kawai, ku biyu za ku ɗora. Tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke cikin akwatin mai fitar da siririn sauti, ta wuce kan mutane. Kebur ɗin da ke ƙasa a manne shi da salatif, yaro ɗaya in ya yi tuntuɓe da shi har standin zai jawo.

ƊanDJ:
Oga ni fa na sha ganin ana ratayewa da igiya kuma lafiya lau aka tashi

OgaSauti:
An tashi lafiya ranar dai. Kai za ka zauna a ƙarƙashinta har a gama?

MaiGyaranWuta:
Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana. Kar ka kuskura ka karya ƙafar atin. Ita ce hanyar da wuta za ta bi ta wuce in waya ta taɓa jikin na'ura, in ka cire ta to mai riƙe da makirufo ne zai zama hanyar, leɓensa na taɓa kan makirufon ta ja shi. Ƙarar buuu ɗin nan yawanci daga jona miksa a soket ɗaya amfilifaya a wani soket can daban ne. Ka jona su wuri guda, ka yi amfani da kebur XLR, irin mai fil uku na makirufo, in akwai laftof ko piyano a sa musu akwatin DI, ɗan akwatin da ake sawa tsakaninsu da miksa, a danna maɓallin lif ɗinsa mai raba atin na wayar sauti, wannan ba ya taɓa atin na wuta. Doguwar wayar da ke kan nadi kuma a warware ta duka, in tana naɗe zafi take ɗauka.

Lissafinka na uku-uku ma bai fita ba. Biyu masu om 8 in ka jona su a layi ɗaya, ɗaya daga jikin ɗaya (paralel), sun koma 4, uku kuma kusan 2.7, ka ga ka sauka ƙasa da abin da amfilifayar ta ce. Za ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar taro, in tsohuwa ce ma ta ƙone. Biyu-biyu ka tsaya, sauran biyun sai ka aro wata.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai oga. To huɗu za su isa kuwa? Tsoro nake na baya ba za su ji ba sai na ƙure

Haj_Miksa:
Ƙurewar nan ita ke cinye tuwita ɗan'uwa. Da ka ga jar fitilar kilif, mai nuna amfilifaya ta kai iyakarta, tana zama a kunne ka rage, sautin ya riga ya fara fashewa. A fili duk sanda nisa ya ninka ƙara na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), a cikin ɗaki bango na ɗan taimakawa, shi ya sa ɗaga sifika sama ya fi murɗa bolum amfani, in ba haka ba na gaba kunnensu na zafi na baya kuma suna cewa a ƙara. Desibel 85 awa 8 kunne ke jurewa, duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu, a 100 minti 15 ne kacal. A 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wuraren taro kada matsakaicin ƙara ya wuce 100 ɗin.

Makirufo su kasance a bayan sifiku don gudun kuwwa. Wajen kunnawa miksa farko amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa amfilifaya za ka fara kashewa. In ka samu ta aron, kai biyun can tsakiyar ɗakin su kalli baya, ka ba su ƙara kaɗan.