Dan Allah wa ya iya wasan foka ya koya min daga tushe?

Autan_Gida:
Slm jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya san wasan kartar nan foka ya min bayani da Hausa yadda zan gane. Na sauke shi a waya, na kyauta ne ba na kuɗi ba, kullum suna ba ka kwabban wasa amma wlh kafin ka ce kwabo an kwashe min su tas. Ni wot na iya tun muna yara, shi kuwa wannan kati biyu kawai za a miƙo maka sai ka ga mutane sun fara zubi tun ba a buɗe komai ba, wani lokacin ina riƙe da sarki biyu ina ta murna sai wani mai ƙananan lambobi ya cinye. Wane hannu ne ya fi wane? Kuma yaushe mutum zai haƙura ya ajiye?

Injiniya_KD:
Wslm Auta. Wanda kake bugawa shi ne Teksas Holdem, shi ya fi yaɗuwa, shi ake bugawa a babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas ta Amurka, wadda aka fara tun 1970. Katunan 52 ne, zane huɗu, kowane zane 13, kuma As, wato mai harafin A, ya fi sarki, sarki ya fi sarauniya, ita ta fi jak, haka har zuwa 2. Zubin da ka ga ana yi tun farko na dole ne a kan mutum biyu da ke hagun mai rabawa, ƙarami da babba, kuma yana zagayawa kowa sai ya zo kansa. Bayan biyun hannunka za a buɗe uku a tsakiya lokaci ɗaya, a yi zubi, a ƙara ɗaya, a yi zubi, sannan na ƙarshe. Biyar ɗin nan na kowa ne, kai dai ka haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai.

Daga ƙasa zuwa sama: babban kati kawai, sai biyu iri ɗaya wato masu lamba ɗaya kamar sarki biyu, sai biyu-biyu, sai uku iri ɗaya, sai jeri wato kamar 5 6 7 8 9, sai fulash wato biyar duk masu zane ɗaya kamar duk zuciya, sai uku da biyu a haɗe, sai huɗu iri ɗaya, sai jerin da kuma yake fulash, ƙololuwarsa 10 zuwa As. Ka ga sarakunanka biyu a hawa na biyu kawai suke, mai 5 da 6 in tsakiya ta cike masa jeri ya wuce ka.

Amma ni abin da nake so ka riƙe ba wannan ba ne, wannan a kwana ɗaya za ka haddace. Abin da ke cinye sabon shiga shi ne kowane hannu sai ya shiga, wai bari dai in ga abin da za a buɗe. A teburin mutum tara, hannu ɗaya cikin biyar ma ya ishe ka, sauran ka ajiye tun kafin ka zuba ko sisi, irin su 7 da 2 masu zane daban ko kallo na biyu kar ka musu. Kuma in kai ne na ƙarshen magana ka fi kowa morewa don ka riga ka ga abin da kowa ya yi, in kai ne na farko to ka ƙara tsantseni. Burga kuma, wato ka zuba da yawa alhali ba ka da komai don a tsorata a ajiye, ka manta da ita tukuna, a teburin kyauta ba mai jin tsoro tunda ba gumin kowa a ciki, bin ka za su yi har ƙarshe.

Kawu_Sale:
Yarona ni ba ƙa'idar wasa zan faɗa maka ba. Asalin abin nan caca ne, kuma ka san abin da Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 90, tare da giya aka ambace ta aka ce a nisance su. Na ji ka ce ba kuɗi, to ko a hakan ma malamai sun yi saɓani a kan karta, da yawa ba sa son ta saboda cin lokaci da shagaltarwa daga sallah. Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin nan in kwabbanka sun ƙare sai su nuno maka ka sayi wasu da katin banki, daga nan kuma sai tallan na kuɗin gaske ya fara bin ka. Na ga yaron da jarin shagonsa ya tafi a bet, ɗari biyu-ɗari biyu ya fara. Kuma ka sani a wuraren kuɗi mai gidan yana yankar kasonsa a kusan kowane zagaye, ko wa ya ci shi ya samu. Dan girman Allah ran da ka ji hannunka na kai ka ga sa naira ka goge shi.

Malamar_Lissafi:
Kawu ya faɗi gaskiya kuma ina bayansa a maganar kuɗi. Ni ɓangaren lissafin ne ya ja ni, don ina misali da shi in ina koyar da yiwuwar aukuwar abu. A ce kana da zuciya biyu, an buɗe uku a tsakiya biyu daga ciki zuciya ne, saura ɗaya ka yi fulash. Zuciya 13 ne ka ga 4, saura 9 cikin 47 da ba ka gani ba. In kati biyu suka rage a buɗe ka ninka 9 sau 4, kusan kashi 35 cikin ɗari kenan, in ɗaya ya rage ka ninka sau 2, bai kai kashi 20 ba. To yanzu a ce saura kati ɗaya, akwai 100 a tsakiya wani ya zuba 100, kai ma sai ka sa 100 duka ya zama 300, wato sai kana cin ɗaya cikin uku kafin ka mayar da abinka, kai kuwa ɗaya cikin biyar ma da ƙyar, ajiye kawai. Amma da 20 ya zuba, 20 cikin 140 kashi 14 ne, nan sai ka bi shi. As biyu a hannu da kowa ke jira kuwa sau ɗaya cikin 221 suke zuwa, kuma su ma ana cinye su.

Autan_Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kawu in sha Allahu na ji, ko katin banki ban haɗa da wayar ba kuma ba zan haɗa ba. Yaya Injiniya saura abu ɗaya, jiya ni da wani duk mun haɗa As biyu amma shi aka ba, me ya sa ba a raba mana ba?

Injiniya_KD:
Ɗaya katin hannunku ne ya raba gardama. In kai As da 8 ne shi As da sarauniya, kuma akwai As ɗaya a tsakiya, As biyunku sun yi kunnen doki sai a duba na gaba, sarauniya ta danne 8. Ba a rabawa sai in biyar ɗinku sun zo daidai da daidai. Shi ya sa As da ƙaramin kati yake yaudarar mutane, in wani ya riga ka ƙara zubi kana riƙe da irinsa gara ka ajiye.