Wai da gaske ana manta cire seftin bindiga (makullin da ke hana ta tashi) kamar yadda ake yi a fim?

Ɗan Kawo:
Salam jama'a. Dan Allah akwai abun da ya daɗe yana damuna a finafinai, na Indiya da na Amurka duk ɗaya. An zo ƙarshe, mutum ya saita bos da bindiga jikinsa na ɓari, ya ja kunama shiru, sai bos ya tako a hankali ya ce ai baka cire sefti ba, ya fizge bindigar. Wai hakan na faruwa ko dai dabarar ja mana rai ce kawai?

Baban Kakuri:
Wa alaikumus salam ɗana. Ya danganta da bindigar da kuma mai riƙe da ita. AK-47 dai seftinta wani faffaɗan ƙarfe ne a gefen dama, in yana sama a kulle take ko ɗana ta ba za ka iya ba, ka sauke shi tsakiya ta yi ta zuba, ka kai shi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka taɓa shi sai ya yi ƙara ƙwas wanda na kusa da kai zai ji. Sojan da ya sha horo a Depot na Zariya ko NDA, makarantun horar da sojojin Najeriya, hannunsa ne ke zuwa wajen kafin ma ya yi tunani. Amma farar hula da tsoro ya kama shi wallahi zai manta, wannan kam ba ƙarya suka yi ba.

Abu Rigasa:
Baba ni inda suke ɓata min rai shi ne ƙaramar bindiga. Sau da yawa Glock ce a hannun mutumin, ita kuwa ba ta da wani maɓalli a gefe da za ka kunna ko ka kashe, kariyarta a jikin kunamar take, kana ja ta tashi. Mai juyawar nan ta 'yan kaboyi ma yawancinsu ba su da maɓallin sefti. To me aka manta?

Maman Ilham:
Ni marubuciya ce, kuma gaskiya na fahimci abun da ya sa suke yi, so ake jaruma ta nuna ta kai maƙura har ta ja kunama amma kar a ɗora mata kisan kai, masu karatu ba sa yafe wannan. Baba dan Allah in bindigar toka ce ta mafarauta fa, ita ma tana da shi? Labarina a ƙauye yake.

Baban Kakuri:
A'a 'yata, ba ta da shi. Ki sa albarushin ya sha damina, ba za ta tashi ba.