Na biya kuɗin fom ɗin tallafin noman rani, yanzu kuma ana neman takardar gona

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ni mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Haɗeja. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mana fadama wajen eka uku. Mu tara ne, ɗaki biyu. Har yau ba a raba gado ba, don yayanmu na ɗakin uwargida yana Fatakwal, duk ranar da aka sa sai ya ce kasuwa ta riƙe shi. Ni na zauna a gida, ni nake nomawa, in an yi girbi in auna wa kowa nasa, ko na gode ba na samu daga wasunsu. Da rani tumatir da albasa nake yi da tsohon injin Baba mai shan fetur, wanda sai na cire fulogi na kankare kafin ya tashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya fi ƙarfina. Bara fangali ashirin na bari suka bushe ina ji ina gani, tumatir ya fara fure, ba kuɗin galan ɗaya.

To, wani bawan Allah ya zo mana da maganar akwai tallafin Bankin Duniya, za a ba da injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana da taki, kyauta. Muka haɗu mu goma sha biyar, kowa ya ba da dubu goma sha biyu na fom, da hoto da lambar NIN. Yanzu ya dawo ya ce sai an kawo takardar gona da sunan mai nema, da ƙarin dubu talatin na rajistar ƙungiya, kafin Juma'a. In je wurin dagaci ya rubuta mini takarda da sunana ni kaɗai, ko yaya zan yi?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin komai, mene ne sunan shirin? Bankin Duniya ba ya aiko mutum ƙauye da fom a jaka. Gwamnati yake ba kuɗi, yawanci ma rance ne, jiha ta buɗe ofishi ta gudanar. An yi shirin Fadama, akwai NG-CARES da aka kawo bayan korona, wanda ɓangarensa na noma ta ofisoshin Fadama yake bi, akwai ACReSAL da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowanne yana da ofishi da allo a ƙofa. Shekara talatin na yi a wannan aiki, ban taɓa ganin inda aka sayar da fom ba. Ka duba saman takardar ka faɗa mana abin da aka rubuta.

Ɗan Fadama:
Baba, fom ɗin yana wurinsa, mun cika a gabansa ya tafi da shi. Amma akwai tambari a jiki, na gani da idona. Kuma mutumin ba baƙo ba ne, surukin wani maƙwabcinmu ne, da mota ya zo.

Maman Ihsan:
Hmm. Mu ma an yi mana haka. Mu mata talatin masu surfen shinkafa, aka ɗauke mu hoto har sau uku, rana ta gasa mu a filin makaranta. Da kaya suka iso sai muka ga matan masu riƙe da jam'iyya ne suka hau layi, har da wadda ba ta san bambancin shanshera da gyararriya ba. Injin da aka ce namu ne a kasuwa aka gan shi bayan sati biyu. Ni yanzu ko an ce kyauta ne ba na fita, gara in yi adashena.

Tsohon Malamin Gona:
Hajiya, naku daban, naku kayan sun zo aka karkatar. Nasa ina jin babu kayan ma. Yaro, tambari ko a shagon kwamfuta za a buga maka. Ga yadda abin gaskiya yake tafiya. Ba a ba mutum ɗaya, ƙungiya ake ba. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai da kanku a sashen da ke kula da ƙungiyoyi na jiharku, a ba ku rasit da satifiket a hannu. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, shugaba da sakatare da ma'aji su sa hannu. Ku sayi littafi mai kauri kuna rubuta taro da kuɗin da kowa ya zuba. Jami'ai in sun zo littafin nan suke fara buɗewa, in suka ga duk da biro ɗaya aka cika shi dare ɗaya, sun gane. Sannan su taka ƙafa su ga gonar, su ɗauki ma'auninta a waya. A zamanin Fadama III manoma kan zuba nasu kason kafin a sayo inji, amma asusun ƙungiya ake zubawa, ba aljihun ɗan aike ba. Kuma kuɗi a hannu da wuya ka gani, kaya ake kawowa.

Na Kwanar Gafan:
Ni shawarata ka rabu da kayan gwamnati gaba ɗaya. Shirin noma na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, mutane da yawa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, ashe bashi ne. Wani ƙanina ambaliya ta cinye masa shinkafa, bashin bai bi ruwa ba, yana nan liƙe da BVN ɗinsa. Ka sayar da albasarka in ta yi tsada, ka sayi fanel na hasken rana biyu-biyu har su cika.

Ɗan Fadama:
Albasar da mutum tara ke jira? In na taɓa kuɗin sai a ce na ci gado.

Abu Sumayya:
Gadon nan shi ne maganar ai, kowa ya tsallake. Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah, kada ka je wurin dagaci da sunanka kai kaɗai. Akwai haƙƙin mata a ciki, ƙila har da marayu ƙanana. Takardar da ka ɗauka ta neman inji ce, gobe ita za a ɗaga a gaban alƙali a ce ka yi niyyar cinye gona. Ku raba gado tukuna, in yayanku ba zai zo ba ya wakilta wani.

Tsohon Malamin Gona:
Malam, in ya jira rabon gado sai rani uku ya wuce. Ba a bukatar haka. Takardar yarjejeniya ta isa: magada su sa hannu sun amince shi ne mai noma gonar, mai unguwa da dagaci su shaida. Gonakin ƙauye nawa ne ke da takardar mallaka ta gwamna? Da ita ake nema da ba manomi ɗaya da zai samu. Wannan ma ya ƙara nuna mini mutumin naku bai san aikin ba.

Injiniya Ƙarami:
Ka gwada na gidauniyar Tony Elumelu mana. Dala dubu biyar suke bayarwa ba a mayarwa, ana buɗewa ranar 1 ga Janairu, ta intanet ake cikawa kuma ba a biyan ko sisi. Sai dai masu nema suna da yawan gaske, kuma sai ka rubuta tsarin kasuwanci.

Maman Ihsan:
Mutum yana kukan kuɗin galan ɗaya kana tura shi intanet.

Tsohon Malamin Gona:
Bar wannan. Gobe da safe ka hau mota ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku, sashen noma, ka tambayi jami'in Fadama ko akwai shirin da ke ɗaukar mutane yanzu. Ka ambaci sunan mutumin. In sun san shi, ni zan fito nan in ba shi haƙuri. Kuma ka tambaya kyauta ce ko ta juyawa, don a ACReSAL akwai asusun da ake ba al'umma su juya su mayar, wasu su ma su samu.

Ɗan Fadama:
Na gode Baba, amma ku fahimce ni. Ni na tara mutanen nan goma sha huɗu, da bakina na ce su kawo kuɗi, har da wanda ya sayar da akuya. In na je ofis ina bincike maganar ta koma kunnensa, zai iya cire sunanmu, kuma surukuta ta ɓaci da maƙwabci. Ya ce wani gari can gaba sun riga sun karɓi nasu. Dubu talatin ɗin ma ba ni kaɗai zan biya ba, dubu bibbiyu ce ta faɗa wa kowa.

Na Kwanar Gafan:
Wane gari? Ka je ka ga injin?

Abu Sumayya:
Ba ka ce komai a kan 'yan uwanka mata ba. Sun ma san da maganar takardar?

Ɗan Fadama:
Ba su sani ba tukuna, sai abu ya tabbata zan faɗa musu. Yanzu ya kira ni, ya ce in dubu talatin ta yi nauyi a fara kawo ashirin. Akwai wanda ya san nawa dagaci ke karɓa in zai buga hatimi a takarda?