Jarida ta shirya taro don samun kuɗi: sana'a ce ko sayar da mutunci?

Mai Lissafi: Ni dai ban ga aibi ba. Tallan da jaridu ke ci da shi, Google da Facebook sun kwashe. Taro kuwa ta ƙofa biyu yake kawo kuɗi: tikitin shiga da kamfanonin da ke ɗaukar nauyi. Wanda ya sayi shafin talla ai bai sayi babban labari ba, haka wanda ya manna tambarinsa a bayan dandamali.

Tsohuwar Edita: Malam, talla kowa na ganinta. A 2009 Washington Post ta fitar da takarda tana neman dala 25,000 daga mai ɗaukar nauyin liyafar dare guda, dala 250,000 kuma in guda 11 ne, a gidan shugabar jaridar, Katharine Weymouth. Abin sayarwar shi ne zama da jami'an gwamnatin Obama, 'yan majalisa da wakilan jaridar, kuma ba za a buga abin da aka faɗa ba. Jaridar Politico ta tona a watan Yuli, aka soke. Kunnen ɗan jarida aka kai kasuwa.

Mai Lissafi: Hajiya, wannan a ɓoye aka so yi. A buɗe ƙofa, a watsa kai tsaye, a rubuta a yarjejeniya cewa mai ɗaukar nauyi ba ya zaɓen maudu'i ko mai magana, ba ya ganin tambayoyi. In ya hau dandamali, a sanar cewa kuɗi ya biya.

Wakilin Kasuwanci: Duk wannan daidai, amma ɓarnar tun wajen gayyata take farawa. Wa ke da lambar minista? Wakilin da ke bibiyar ma'aikatarsa. Shi ake turawa ya roƙo, minista ya amsa, bashi ya hau kan wakili. Saura mako guda a yi taro sai ga takardun badaƙala a ma'aikatar. Babu mai cewa a binne labarin, cewa ake "a ƙara tantancewa" har a naɗe tabarma.

Tsohuwar Edita: Shi ya sa gayyata ta zama aikin sashen taro, kuma kada kwabo ya shiga aljihun wakili daga cinikin tikiti. Bikin karramawa ma ya fi muni, inda wanda za a ba lambar yabo shi ke sayen tebur.

Mai Lissafi: Na yarda da batun karramawa. Amma wanda ya ƙi zuwa in sashen taro ya kira, ya zo in wakili ya kira fa?

Wakilin Kasuwanci: A bar kujerarsa babu kowa, Malam.