Faifan 4K na The Lord of the Rings: ya cancanci a canja tsohon Blu-ray saboda shi?

Abban Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka kalli fina-finan nan uku a faifan 4K da Warner Bros ya fitar a Disamban 2020. Wanda nake da shi a hannu shi ne dogon zubi, wato wanda aka ƙara wa fitowar da ba a nuna a silima ba, na Blu-ray na shekarar 2011, kuma abubuwa biyu suke damuna game da shi. Na farko, launin fim na ɗaya ya karkata zuwa kore, har dusar ƙanƙarar da ke kan dutsen Caradhras ba ta fita fara sol. Na biyu, maganar 'yan wasa tana yin ƙasa ƙwarai, da zarar na ƙara murya don in ji abin da ake faɗa, sai faɗa ya ɓarke ƙara ta cika gida. Talabijin ɗina mai inci 55 ce, sifika kuwa doguwa guda ɗaya ce a ƙarƙashinta. Shin sabon bugun zai magance waɗannan, ko kuwa kuɗi kawai zan kashe?

Injiniyan Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Koren da kake gani ba laifin talabijin ɗinka ba ne, a jikin faifan yake, kuma masu kallo sun yi ta ƙorafi a kansa tun lokacin da bugun ya fito. A na 2020 an cire shi, domin an sake daidaita launin fina-finan uku gaba ɗaya a ƙarƙashin kulawar darakta Peter Jackson don su zama bai ɗaya.

Sai dai kada lambar 4K ta sa ka zaci komai zai ninka kyau. A kan fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauki aikin, amma siddabarun kwamfuta, wato dodanni da rundunoni da birane, a ma'aunin 2K aka haɗa su, wanda bai fi na Blu-ray da wani abin kirki ba, don haka ɗaga su aka yi zuwa ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye. Ɗagawa kuwa ba ta ƙirƙiro abin da babu shi tun asali. Ainihin ribar wannan bugu tana cikin HDR, wato tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske. Ka duba ramin Moria: a tsohon faifai wutar jikin dodon nan Balrog takan zama dunƙule mai launin ruwan lemo, a sabon kuwa ana rarrabe harshen wutar da hayaƙin da ke kewaye da shi, alhali ginshiƙan da ke cikin duhu ba su ɓace ba. Amma wannan sai talabijin mai ƙarfin haske da baƙi na gaske, irin OLED ko mai rage hasken baya yanki-yanki. A talabijin mai araha wadda sunan HDR kawai aka rubuta a kwalinta, hoton yana iya fin na Blu-ray duhu.

Ɗan Zazzau ya amsa:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma akwai abin da ka tsallake, kuma a ganina shi ne babban aibin bugun. Duk hoton da aka ɗauka a kan fim yana da wasu ƙananan ƙwayoyi da ke motsi a cikinsa, kuma a tare da su ƙananan bayanai suke, kamar zaren tufafi da ramukan fata. A bugun 2020 an bi hoton da manhajar goge ƙwayoyin nan, a wasu fitowar har abin ya wuce kima. Ka tsayar da hoto a inda aka matso da fuskar Gandalf ko ta sarki Théoden a fim na biyu: tamojin goshi na nan, amma fatar da ke tsakaninsu ta yi sumul kamar an shafe ta da basilin, gashin gemu kuma yakan haɗe da juna. Wannan yana yi mini ciwo, domin Andrew Lesnie, wanda ya riƙe kyamara har ya ci kyautar Oscar da fim na farko, ya rasu tun 2015, ba ya nan aka sake wa aikinsa kama.

Koren da Abban Hafsa yake kuka da shi a fim na ɗaya kaɗai yake. Na biyu da na uku a bugun 2011 launinsu lafiya lau, ƙwayoyinsu kuma suna nan. Saboda haka ko ka sayi sabon, kada ka rabu da tsohon.

Maman Sadiq ta amsa:

Ni kan batun sauti zan tsaya, tunda an bar shi a baya. Malam, sabon faifai ba zai ɗaga maka maganar 'yan wasa ba. An tsara sautin fina-finan nan ne don sifiku da yawa, inda ta tsakiya take ɗauke da magana, na gefe da na baya kuma suke ɗauke da kiɗan Howard Shore da ƙarar takubba. Idan aka tattara duka aka zuba a sifika ɗaya, magana ce take nutsewa. Na 2011 yana da tsarin sauti na DTS-HD mai hanyoyi 6.1, na 2020 kuma Dolby Atmos, wanda ya ƙara sauti daga sama, ta yadda ruwan saman yaƙin Helm's Deep yake sauka a kan mai kallo. Abin yana da daɗi ƙwarai, amma sai da sifikun da za su fitar da shi.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga saitin sifikarka ka kunna tsarin dare da na ƙara ƙarfin magana, domin su ne suke rage tazara tsakanin raɗa da tsawa. Sannan ka duba wayar da ta haɗa ta da talabijin. Wayar haske, wato optical, da tsohuwar mahaɗar ARC ba sa ɗaukar cikakken sautin da ba a matse ba, sai mahaɗar HDMI da aka rubuta eARC a jikinta.

Abban Hafsa ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Hajiya, na gwada tsarin daren, maganar ta fito sosai. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: talabijin ɗina Samsung ce, kuma da PlayStation 5 nake kunna faifai. Zan samu cikakken amfanin hoton?

Injiniyan Sabon Gari ya amsa:

PlayStation 5 za ta kunna shi, matuƙar mai ramin faifai ce, kuma faifan 4K ba shi da kullen yanki irin na Blu-ray, don haka daga duk ƙasar da aka kawo maka shi zai yi. Dolby Vision, wani nau'in HDR, shi ne ba za ka samu ba, domin Samsung ba ta amfani da shi, PlayStation 5 ma haka, amma faifan yana ɗauke da wani nau'in, HDR10, wanda duka biyun suke karantawa. Ka kashe saitin da ke sulɓe motsi, tunda hotuna 24 a daƙiƙa aka ɗauki fim ɗin, ka zaɓi Filmmaker Mode idan akwai, ka kuma rage hasken ɗaki. Na yarda da Ɗan Zazzau a kan fim na biyu, amma na ɗaya ya fi kyau a sabon bugu nesa ba kusa ba. Dogon zubin har yanzu a faifai biyu yake ga kowane fim, sai ka tashi ka canja a tsakiya.