An kawo mana fom ɗin ruwa, in cike ko in bari?

Baban Ikram: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Wasu yara ne ke bi gida-gida a unguwarmu da takardar tambayoyi, wai jin ra'ayin mutane kan ruwa, burtsatse mai sola muke so ko a jawo mana famfo, sai wata tambaya wai nawa zan iya biya a wata. Nan na tsaya, tsorona kar abin da na rubuta ya zama shi ne bil. Alhamis za su dawo karɓa. Wanda ya taɓa cikewa, ya aka ƙare?

Ɗan Fagge: Ka haƙa rijiya a gidanka ka huta.

Baban Ikram: Haya nake fa malam.

Manomin Fadama: Hmm, fom. Mu a yankin Haɗeja zuwa Nguru wane iri ne ba mu cike ba, a tara mu ƙofar gidan mai gari a yi ta tambaya, noma ya fi muku ko kamun kifi ko kiwo, mu faɗa a rubuta a ɗau hoto a tafi. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992, ruwa ya daina zuwa yadda iyayenmu suka sani, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonar shinkafar mahaifina yanzu tsuntsayen jan-baki ne ke kwana a ciki. Har ya rasu yana jiran amsa.

Maman Biyu: Allah ya jiƙansa. Ni abin da ke ɓata min rai maigida suke tambaya, shi da bai san jarka nawa ake sha a gidan ba. Mu jarka ɗaya naira 150 muke saye.

Ɗan Fagge: 150 a ina Hajiya? 100 ce.

Maman Biyu: To aiko min da ɗan garuwarku, da zafi har 200 ta kai.

Abu Sadik: Na yi aikin raba irin wannan fom ɗin. Ka cike, ka rubuta gaskiyar abin da za ka iya, ba sunanka ake bi ba, haɗa amsoshin ake yi a ga ko unguwa za ta iya riƙe gyara in injin ya lalace. In kuka ƙi, ra'ayin masu burtsatse a gida ne kaɗai zai shiga. Kuma ka sa uwargida ta zauna a cike tare.

Manomin Fadama: Kai an biya ka alawus, dole ka ce a cike.

Abu Sadik: Haba Baba, ka ji ciwo na sani, amma naku rabon ruwan dam ne, nasa ruwan unguwa.

Ɗan Fagge: Ka rubuta naira biyar, in sun yarda ka kira mu mu tare unguwarku 😂

Auta: Ku zaɓi sola wallahi. Famfo da wace wutar za a turo shi? Mu tiransifomarmu tun azumi ta ƙone, an karɓi kuɗi gida-gida har yau shiru.

Maman Biyu: Ku ma? Nawa aka karɓa a wajenku?