Waɗanda suka taɓa neman hoton silima da ƙaramar kyamara, ku faɗa mana yadda kuka ƙare

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum yayyena da iyayen gidana a wannan sana'a. Na gama ɗaukar ɗan gajeren fim na minti 12, labarin uba da ɗansa ne, kusan duka a ɗaki ɗaya. 'Yan wasa sun yi ƙoƙari, sauti ma ya fita lafiya. Amma da na zauna kallo sai gabana ya faɗi, domin hoton ba shi da bambanci da labaran talabijin. Komai tarwai, motsi sai santsi yake yi, ba wannan nauyin da ake ji idan ana kallon fim. Na ɗauka a firem 60, wato hoto 60 a daƙiƙa, na bar kyamara ta zaɓi shota da kanta, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, da gilashin (lens) da ya zo tare da ita. Yanzu na tara ɗan abin da na tara, zuciyata tana cewa in sayar da ita in sayi babba. Don Allah wanda ya taɓa tsayawa inda nake tsaye ya gaya min abin da ya yi da abin da ya biyo baya. Abin da ya same ku nake so in ji, ba wanda aka karanta ba.

Mai Jan Fokas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar tukuna. Santsin nan da kake gani firem 60 ne ya jawo shi, ni ma na yi shekara guda ina zargin kyamarata a kan wannan. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara fim mai magana, silima take tafiya a kan hoto 24 a daƙiƙa, idon mai kallo ya saba da haka. Sai kuma shota: a bar ta a digiri 180, wato kowane hoto ya sha haske na 1/48 na daƙiƙa. In kyamararka ba ta da 1/48, sa 1/50. Wannan ɗan dusashewar da hannu yake yi idan ɗan wasa ya ɗaga shi, daga nan take fitowa.

Ranar da na fara kulle shota a 1/50 muka fita waje da tsakar rana, hoto ya ƙone fari fat. A nan na san amfanin filtar ND, baƙin gilashin da ke rage haske ba tare da ya taɓa kala ba. Ina kan ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), filta mai mataki 6 (kowane mataki rabin haske yake ragewa) ta kai ni buɗewar gilashi f/8 kawai, sai da na ɗora mai mataki 2 a kanta na samu f/4, wadda ta fi faɗi. Kafin wannan rana, idan haske ya yi yawa shota nake ƙara wa gudu har 1/1000, shi ya sa mutanena suke tafiya kamar ana fizgar su.

Mai Nadama:
Ni ne wanda ya yi abin da zuciyarka take raya maka. Na zuba duk abin da nake da shi a jikin kyamara, ban bar ko sisi na gilashi da fitila ba. Na manta ita babbar kyamara tana zuwa da nata buƙatu: batir manya, kati mai sauri, ƙafa mai ɗaukar nauyinta, ga kwamfutata ta kasa buɗe fayil ɗin ba tare da sarƙewa ba. Aikin farko da na yi da ita a ƙarƙashin kwan fitilar silin na ɗauka, kuma wallahi abin da na samu shi ne tsohon hotona, sai dai ya fi cin wuri a ma'ajiya. Wata 7 na riƙe ta na sayar da asara. Har yau abin yana yi min ciwo.

Antin Kala:
Sannu Mai Nadama, Allah ya mayar da alheri. Ni aikina gyaran kala ne, hotunan mutane da yawa suna ratsa hannuna, don haka bari in faɗi abin da nake gani daga teburina.

Abin da nake fara tambaya ba 4K ko 6K ba ne, bit nawa ne. Hoto mai bit 8 yana da matakai 256 a kowace kala, mai bit 10 yana da 1024. Wani yaro ya taɓa kawo min aikin da ya ɗauka a log da bit 8, kuma ya rage masa haske don yana tsoron ƙonewa. Ina ɗaga hasken sai sararin sama ya rarrabu layi-layi, inuwa ta cika da tsaki-tsaki, fuskar jarumar ta koma wani launin toka mai kore-kore. Kwana 3 na yi a kai, abin da na iya ceto kaɗan ne. Da a kalar kyamara ta yau da kullum ya ɗauka, ya daidaita hasken, da ya fi masa sau goma.

Log ba ado ba ne, hanya ce ta matse haske mai yawa a cikin fayil, kuma yana son a ƙosar da shi. A S-Log3, wato log na Sony, katin toka na kashi 18 da ake gwada haske da shi ya kamata ya zauna a 41 a ma'aunin hasken kyamara. Ni ga baƙar fata na fi son a ƙara rabin mataki zuwa ɗaya, in sauke da kaina daga baya, domin saukewa ba ta kawo datti, ɗagawa ce take kawowa. Sannan ku daina barin farin kyamara, wato saitin da ke daidaita kala da launin hasken wurin, a otomatik. Ku kulle shi, 5600 ga hasken rana, 3200 ga fitilar tongistin. Idan yana yawo a tsakiyar sin, ba mai gyaran da zai haɗa maka hotunan su zama ɗaya ba tare da wahala ba.

LUT kuma, wato shiryayyar kalar da ake ɗora wa hoto, ko da na Kodak 2383 ne da ke cikin manhajar gyaran kala ta DaVinci Resolve, ba ya gyara hoton da aka ɓata a wurin ɗauka. A ƙarshe nake sa shi, kuma ba na barin sa da cikakken ƙarfinsa.

Baba Tsohon Hannu:
Yaro, ka ce fim ɗinka a ɗaki ɗaya ne, amma ba ka gaya mana daga ina haske yake shigowa ɗakin ba. Wannan shirun naka shi ya nuna min inda matsalar take.

Na yi aiki da Alexa, babbar kyamarar silima, a matsayin mataimaki ba sau ɗaya ba. Ta fito a 2010, kuma hoton da ta farkon take bayarwa 2.8K ne kawai, bai kai abin da aka rubuta a kwalin wayar hannunka ba. Duk da haka da ita aka ɗauki manyan finafinan duniya shekara da shekaru. Abin da ya sa ake son ta shi ne yadda take riƙe wajen mataki 14 tsakanin duhu da haske, da yadda farinta yake narkewa a hankali maimakon ya tsage. To amma abin da ban manta ba daga waɗannan ranaku shi ne, kyamarar nan takan zauna a rufe awa 2 ana gyaran fitila. Mai ɗaukar hoton da nake yi wa aiki yana shiga ɗaki abin da yake fara yi shi ne kashe duk fitilun da ya tarar. Sai ya kunna guda ɗaya a bayan taga, ya rataya farin yadi a gabanta don hasken ya yi laushi. Sai ya kafa baƙin ƙyalle a ɗaya gefen fuskar don inuwa ta ƙara zurfi. Kyamara kuma yana ajiye ta a ɓangaren inuwar, ba ɓangaren hasken ba. Da na fara aikin kaina da ƙaramar kyamara na bi wannan tsari, har wanda ya ba ni aikin ya tambaye ni wace kyamara na yi haya.

Wani abu kuma, ka janye ɗan wasa daga jikin bango. Ko taku 3 ne. Ka sa wata 'yar fitila a can baya ta ba ido wurin sauka. Zurfin hoto daga nan yake farawa.

Sai maganar buɗe gilashi. Da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 da sansa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, mai faɗin milimita 36, matasa suka ga baya yana dusashewa, kowa ya ɗauka silima ke nan, aka dinga ɗauka a f/1.4. Gilashin milimita 50 a wannan buɗewar, mutum yana nisan mita ɗaya da rabi, abin da ke cikin fokas bai kai santimita 10 ba. Ya ɗan gyara zama ido ya fita, kunne ya shiga. Finafinan da aka ɗauka shekaru da dama a kan fim ɗin milimita 35, faɗin hotonsu bai wuce milimita 25 ba, kuma inda na yi aiki tsakanin buɗewar T2.8 da T4 muke zama, wato kusan f/2.8 zuwa f/4. Ɗakin da kuka sha wahalar shiryawa, a bar mai kallo ya gan shi.

Mai Tsofaffin Gilasai:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba abin da zan ƙara a maganar fitila. A gilashi zan ce wani abu. Sababbin gilasai kaifinsu ya yi yawa ga abin da nake so, duk ƙurjin fuska sai sun nuna. Na samu Helios 44-2, milimita 58, f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyet, na saya masa zoben M42, mai haɗa shi da kyamara, na ɗaura. Tsakiya da kaifi, gefe da laushi, baya kuma yana ɗan murɗawa kamar guguwa. Sai dai a sansar Super 35, wadda ba ta kai mai milimita 36 faɗi ba, yawancin murɗawar tana yankewa, don a gefuna take. Kuma ka sani ba a yi shi don fim ba: girman hoto yana ɗan canjawa idan kana juya fokas, kalarsa kuma ba ta zama ɗaya da ta sauran gilasaina ba, Anti ta san wahalar da hakan ke ba masu gyaran kala.

Na kuma gwada anamofik, gilashin da ke matse faɗin hoto a buɗe shi daga baya, mai matsi 1.33. A sansar 16:9 yana ba ka kusan faɗin 2.39:1 ba tare da ka yanke sama da ƙasa ba, ga fitilun baya suna zama kamar ƙwai. Kyau kam akwai. Amma a ƙaramin ɗaki na sha wuya, domin ba ya kama fokas a kusa sai an ƙara masa wani gilashi a gaba. Ga fim irin naka, ni gilashin milimita 35 ɗaya da na 50 ɗaya zan nema, in ɗora Black Pro-Mist, filtar da ke tausasa hoto, mai ƙarfin 1/8. Na taɓa sa 1/2, hoton ya zama kamar an hura masa hayaƙi, kuma ba ya cirewa a editin.

Mai Ɗaukar Dare:
Ku yi min afuwa Baba, amma kada yaron nan ya tafi da tunanin kyamara ba ta da tasiri ko kaɗan. Akwai inda take yanke hukunci. Na taɓa ɗaukar mace zaune kusa da taga da tsohuwar kyamarata: in na ba fuska haske taga ta ƙone, in na ceci taga fuska ta nutse, kuma ba ni da fitilar da za ta yi gogayya da rana. Da na koma Blackmagic Pocket 4K, wadda ta fito a 2018 da mataki 13, irin wannan zaman na samu labule da fuska duka a hoto ɗaya. Ga ISO na asali guda 2, 400 da 3200, wanda ya cece ni a ɗaukar dare. FX3 ta Sony ma haka take, 800 da 12800 a S-Log3, kuma da ita aka ɗauki The Creator na 2023, aka haska a manyan gidajen silima. Don haka in taka bit 8 kawai take yi, sauyin yana da dalili. Ba sai ka kai ga mai tsadar gaske ba.

Baba Tsohon Hannu:
Gaskiyarka ɗana, ban musa ba. Sai dai ka lura ka san abin da tsohuwar ta kasa yi maka kafin ka sauya. Shi har yanzu bai kai tasa iyakarta ba.

Mai Jan Fokas:
Na manta abu ɗaya ƙanena. In wutar lantarkin ƙasarku mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, firem 24 da 1/48 zai iya sa fitilun gida su dinga ƙyaftawa a hoto. Na taɓa rasa sin guda cur saboda haka, ban gani a ƙaramin allo ba sai a kwamfuta. Ka sa 1/50, ko digiri 172.8 in kyamararka da digiri take lissafi, ko ka ɗauka a firem 25 gaba ɗaya, ba mai kallon da zai gane bambancin.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka muku da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Jiya na kira 'yan wasan muka sake sin ɗaya a wannan ɗakin. Firem 25, shota 1/50, fari a kulle a 5600. Na kashe fitilar silin, na rataya farin zanin gado a taga, na kafa baƙin bargo a ɗaya gefen, na janye kujerar uban daga bango. Da na jera sabon da tsohon, ɗan wasan da kansa ya ce kamar ba ɗaki ɗaya ba. Na duba kuma, kyamarata bit 8 ce. Na fasa sayar da ita yanzu, zan fara da fitila ɗaya, filtar ND da gilashin 35. Abin da ya rage min shi ne gefen inuwar fuskar uban, akwai tsaki-tsaki a wurin. Anti, in ƙara ISO ne ko yaya?

Antin Kala:
A'a ƙanena, bar ISO inda yake. Bargon ne ya matso da yawa. Ja shi baya kamar taku 2, ko ka sa farin kwali daga ƙasa ya ɗan mayar da haske a kumatun, in ya so ni ko kai mu sauke inuwar a gyara. Kuma kada ka taɓa log da wannan kyamarar, zaɓi kala mafi laushi da take da ita, ka rage kaifi zuwa ƙasa. In ka sake ɗauka turo min daƙiƙa 10 daga ainihin fayil ɗin, ba wanda waya ta matse ba, in duba maka fatar.